Daga Gindin Wuta Zuwa Bakin Aljihu: Tarihin Wata Kalmar Girkanci

Duk wanda ya saba karanta jaridun Turanci na ƙasar nan ya san wani laƙabi da ake liƙa wa attajiri da zarar ya miƙe a wurin bikin kafa asusu ya yi shelar kuɗin da zai bayar. Washegari sai ka ga hotonsa, a ƙarƙashi an rubuta sunansa da sarautarsa, sa'an nan a bi da kalmar philanthropist, watau wai mai taimakon jama'a. Kalmar ta zama kamar rawani, ba a naɗa wa talaka ita. Ba mu taɓa jin an kira mai tuyar ƙosai da wannan suna ba, ko da kuwa kullum safiya tana ware wa marayun unguwa nasu rabo.

To, kalmar nan ba ta Ingilishi ba ce, aro suka yi daga Girkawa, waɗanda malamanmu suka fi sani da Yunanawa. Tana kuma cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, a sashen Sabon Alkawari, wanda da Girkanci aka fara rubuta shi. A cikin littattafai 27 na wannan sashe sau uku tak ta fito, kuma babu inda aka jingina ta ga mai dukiya. Sau ɗaya an ba da ita ga wani sojan Rum, sau ɗaya ga wasu mutanen tsibiri da ko sunayensu ba a ambata ba, sau ɗaya kuma ga Allah.

Asalin Kalmar

Masana suna rubuta ta philanthropia, mu kuwa a nan za mu ce filantirofiya don sauƙin furuci. Kalmomi biyu aka haɗa: filos, so irin na abota, da antiropos, watau ɗan Adam, mace ko namiji, ɗa ko bawa. Tana da 'yan'uwa a harshen. Akwai filadelfiya, son ɗan'uwa, wadda aka raɗa wa wani babban birni na Amurka, akwai kuma filoseniya, son baƙo. Waɗannan biyu kowace da iyakarta, domin sai an fara tambaya: ɗan'uwana ne? Baƙona ne? Ita filantirofiya sharaɗinta ɗaya ne, a ce dai mutum ne.

Amma fa da farko kalmar manya ce, daga sama take kallon ƙasa. Ɗaya daga cikin wurare mafi daɗewa da aka same ta shi ne wani wasan kwaikwayo na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ake dangantawa da Eskilas na birnin Atina. Labarin Farometiyus ne, wanda a tatsuniyoyin Girkawa ya saci wuta daga wurin allolinsu ya kai wa 'yan Adam, aka kama shi aka ɗaure a jikin dutse. Laifin da aka ɗora masa shi ne halin son 'yan Adam. Ke nan kalmar ta shigo duniyar rubutu a matsayin tuhuma, kuma a kan wuta. Mai karatu ya riƙe zancen wutar nan.

Daga alloli sai ta sauko kan sarakuna. Zenofon ya yabi Sairus Sarkin Farisa da wannan hali. A Masar kuwa, zamanin da zuriyar Tolomi, waɗanda Girkawa ne, suke mulki, kalmar ta zama ta ofis: in sarki ya yi afuwa ga masu laifi, ko ya yafe bashin haraji, sai a kira takardar da wannan suna. Mafi shahara ita ce ta Tolomi na 8 a shekarar 118 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan wani yaƙin basasa na cikin gidan sarauta, inda aka yafe laifuffuka ban da kisan kai da satar kayan ɗakin bauta. Abin dariya, kofen wannan takarda a jikin gawar kada aka tsince shi, domin mutanen wani gari da ake kira Tebtunis suna naɗe gawar kadoji da tsofaffin takardun ofis kafin su binne su.

Masu falsafa ne suka fara jawo kalmar zuwa tsakanin mutum da mutum. Aristo, a littafinsa na ɗabi'u, ya lura cewa matafiyi ne ya fi ganin yadda ɗan Adam yake jin kusanci da ɗan Adam ko ba su san juna ba. Wani marubuci na ƙarni na 3 miladiyya, Diyojinis Layatiyas, ya ruwaito wani rabe-rabe da ya jingina ga Aflatun, cewa wannan hali iri uku ne: gaisuwa da miƙa hannu ga duk wanda ka gamu da shi, agaji ga wanda masifa ta auka wa, da kiran mutane cin abinci. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da shi ma gaisuwa ce ma'auninsa na farko. Shi kuma Filo, wani malamin Yahudawa na Iskandariya wanda ya yi zamani da Bulus, ya rubuta maƙala guda a kan kalmar, yana nuna cewa shari'ar Annabi Musa ta yi tanadi ga baƙo da bawa da abokin gaba, har da dabbobi da itatuwa.

Fursuna A Hannun Soja

Wurare biyu daga cikin ukun nan suna cikin labari ɗaya ne, a sura ta 27 da ta 28 na littafin Ayyukan Manzanni, wanda al'adar Kirista ta ce Luka likita ne ya rubuta. Wajen shekarar 59 ko 60 miladiyya, Bulus, wanda Kirista suke kira Manzo Bulus, yana tsare a Kaisariya ta ƙasar Falasɗinu, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Aka danƙa shi tare da wasu fursunoni a hannun wani hafsa mai soja ɗari, sunansa Yuliyas, ya kai su Roma ta teku.

Kwana ɗaya da tashi jirgin ya tsaya a Sidon, wadda Larabawa suke kira Saida, a ƙasar Lebanon ta yau. A nan Yuliyas ya ƙyale Bulus ya shiga gari wurin abokansa su biya masa bukatunsa. Wannan ɗan sassauci shi ne marubucin ya siffanta da kalmar tamu. Wani zai ce ai ba wani abu ba ne. Amma a tuna, a tsarin Rum mai gadin da fursuna ya kuɓuce masa yana iya biya da ransa. Hafsan bai kashe ko anini ba, wuyansa ya ba da jingina.

Daga nan tafiya ta ɓaci. A Mira suka sauya zuwa wani babban jirgi na Iskandariya mai ɗauke da alkama zuwa Italiya, da mutum 276 a ciki. Sun makara, lokacin da matuƙa suke jin tsoron Bahar Rum ya riga ya shigo. Suna ƙoƙarin matsawa daga wata tasha zuwa wata a gaɓar tsibirin Karita sai guguwa daga arewa maso gabas ta fizge su. Babban tsoronsu shi ne kada iska ta kai su kan rairayin Sirtis, a gaɓar Libiya, inda jirage suke kafewa. Suka yi ta zubar da kaya, kwana da kwanaki ba rana ba taurari, a zamanin da taurari ne kaɗai jagoran matuƙi. A dare na goma sha huɗu ma'aikatan jirgin suka ji alamar tudu, suka gwada zurfi suka sami gaba ashirin, can gaba kaɗan gaba goma sha biyar. Suka saki anka huɗu ta baya, suka jira wayewar gari. Da safe suka nufi wani lungu mai yashi, goshin jirgin ya kafe, raƙuman ruwa suka farfasa bayansa. Sojoji suka yi shawarar kashe fursunoni kada wani ya yi iyo ya tsere, Yuliyas ya hana. Masu iya iyo suka faɗa ruwa, saura suka bi a kan katakai, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Tsibirin sunansa Malita. Wasu sun yi gardama cewa wani tsibiri ne mai irin wannan suna a gaɓar Kuroshiya, amma yawancin masana sun tsaya a kan Malta, wadda take kudu da Sisili. Har yau mutanen Malta suna hutu ran 10 ga Fabrairu don tunawa da fashewar jirgin nan.

Baubayi Da Wuta

Marubucin ya kira mazauna tsibirin da kalmar barbaros. Asalinta kwaikwayon maganar wanda ba a jin harshensa ne, kamar dai yadda Bahaushe yake cewa baubawa, ko Balarabe ya ce ajami. Mutanen Malta na lokacin suna magana da harshen Kartaj ne, ɗan'uwan Ibrananci da Larabci, ko da yake tun shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa suke ƙarƙashin Rum. Kalma ce ta raini, ba shakka. Kuma a jimlar da aka kira su baubayi, a ita ce aka ce sun nuna filantirofiya, har aka ƙara da cewa irin wadda ba a saba gani ba.

Me suka yi? Wuta suka hura, saboda ana ruwa ana sanyi, suka karɓi kowa da kowa. Shi ke nan. Ba su ware soja da fursuna ba, ba su tambayi wa ya yi kisa wa aka zalunta ba, ba su ma da harshen da za su yi tambayar. Don a gane nauyin abin, a sani cewa a wancan zamani jirgin da ya fashe ganima ce ga mazauna bakin teku da yawa, har dokar Rum ta keɓe babi a kan masu wawashe irin wannan kaya, tana tilasta su biya ninki huɗu. Mutum 276 kuma ba ƙaramin nauyi ba ne a kan 'yan ƙauye cikin hunturu.

Labarin bai mai da su waliyyai ba. Bulus ya tattaro ƙirare yana zubawa a wuta sai maciji ya fito saboda zafi ya maƙale a hannunsa. Nan take suka yanke hukunci cewa lalle mai kisan kai ne, ya tsira daga teku amma alhaki bai bar shi ba. Da suka jira ya kumbura ko ya faɗi, ba su ga kome ba, sai suka juya suka ce ai wani allah ne. Mutane ne masu camfi da saurin zato, kuma marubucin ya sani sarai addininsu ba nasa ba ne. Duk da haka su ya ba kalmar.

Akwai wani abu da sai mai duba Girkancin zai gani. A cikin labarin akwai mai hali ɗaya, Fubliyas, shugaban tsibirin, mai gonaki a wurin, wanda ya sauke su kwana uku, kuma aka yi wa mahaifinsa addu'a ya warke daga zazzaɓi da atuni. Shi ma an yaba masa, amma da wata kalma dabam mai nufin karɓa da fara'a. Kalmar da aka saba yi wa sarakuna kirari da ita ta tsallake babban mutumin tsibirin, ta faɗa kan waɗanda suka ɗebo itace. A ganinmu wannan ba kuskuren alƙalami ba ne, domin marubucin Ayyukan Manzanni yana cikin waɗanda suka fi gwanintar Girkanci a Sabon Alkawari.

Wuri na uku yana cikin wasiƙa zuwa ga Titus, sura ta 3, wadda take ɗauke da sunan Bulus, aka kuma aika da ita Karita, tsibirin da guguwar nan ta fara. Ana yi wa masu bi gargaɗi ne su kasance masu sauƙin kai ga dukan mutane, ba 'yan'uwansu kaɗai ba, ana tuna musu cewa su ma dā masu ƙiyayya da hassada ne kafin nagartar Allah da filantirofiyarsa su bayyana. Daga nan ne kalmar ta shiga addu'o'in Kiristocin gabas. Kibɗawan Masar, in suna addu'a da Larabci, har yau suna kiran Ubangiji Muhibbul Bashar, watau mai son 'yan Adam.

Yaya Za Mu Ce Da Hausa?

Kalmar da za ta fara zuwa baki ita ce alheri, kuma ba laifi. Sai dai alheri ya yi faɗi, tun daga sadaka har zuwa cinikin da ya yi riba. Karin maganarmu kuma sukan yi masa alkawarin sakayya, a ce danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, alhali mutanen Malita ba su da dalilin sa ran kome daga tsiraru da teku ta tofar. Karamci ya fi kusa, amma shi yana son mai gida da baƙo, bai kuwa dace da Yuliyas ba, wanda mai gadi ne. Kirki hali ne na zaune, ya fi dacewa da ɗaya kalmar da aka haɗa ta da ita a wasiƙar Titus.

Mu dai mun fi karkata ga mutunci, ba da ma'anar girma ba, da ma'anar da take cikin "ya yi mini mutunci" ko "ya mutunta shi". Kalmar daga mutum aka ciro ta, kamar yadda ta Girkancin take da mutum a cikinta. Tsohuwar fassarar Latin da ake dangantawa da Jerom ma hanyar da ta bi ke nan, ta sa humanitas, daga homo, mutum. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, ya lissafa mutunci cikin halaye goma na mutumin kirki a laccar da aka buga a 1974, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da sauransu. Kuma kishiyarsa tana ƙara haske: cin mutunci shi ne a yi wa mutum abin da ba a yi wa mutum. Da sojojin nan sun sare fursunoni a bakin ruwa, ko da mutanen tsibirin sun tsaya suna kallo suna jiran kayan da igiyar ruwa za ta kawo, sunan abin ke nan.

Yadda Ta Koma Hannun Masu Kuɗi

Shekara ɗari uku bayan Bulus kalmar ta zama abin gasa. Sarkin Rum Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, ya bar addinin Kirista ya yi ƙoƙarin raya bautar allolin kakanninsa. A wata wasiƙa zuwa ga babban limamin addininsa na lardin Galatiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya koka cewa abin da ya fi yaɗa addinin Kirista shi ne filantirofiyarsu ga baƙi da kula da jana'izar matattu, kuma suna ciyar da matalautansu har da na wasu. Ya ba da umarni a gina masaukai a kowane birni, ya kuma ware wa lardin mudu 30,000 na hatsi kowace shekara, da mudun Rumawa wanda ya fi namu girma nesa. Bai yi tsawon ran da zai ga sakamako ba, ya mutu a yaƙi da Farisa. Amma an ga alama tun a lokacin cewa abin yana tashi daga halin mutum yana komawa kasafin kuɗi.

Ingilishi suka ari kalmar wajen farkon ƙarni na 17, da farko da ma'anarta ta son mutane. Attajiran Amurka ne suka ƙarasa naɗa mata rawani. Andiru Kanegi, mai masana'antun ƙarfe, ya rubuta a 1889 cewa wajibin mai dukiya ne ya rabar da ita tun yana raye, ya kuma gina ɗakunan karatu fiye da 2,500. Gidauniyar Rokafela, wadda aka kafa a 1913, ita ce ta buɗe wurin binciken cutar shawara a Yaba ta Ikko a 1925. Ba mai hankalin da zai raina irin wannan aiki. Illa dai kawai, da kalmar ta tare a gidan masu kuɗi sai ta zama ba ta da abin faɗi a kan wanda itace kaɗai yake da shi, ko ikon buɗe ƙofa na yini guda.

Tekun kuwa tana nan inda take. Gaɓar Libiya da matuƙan jirgin Bulus suke gudu, daga ita ce yanzu jiragen roba suke tasowa cike da 'yan Afirka, da yawansu sun bi ta Agadas suka ƙetare hamada, har da 'ya'yan ƙasar nan. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙidaya fiye da mutum 20,000 da suka mutu ko suka ɓace a wannan yanki na Bahar Rum daga 2014 zuwa 2023. Malta ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 316 kacal, da mutane wajen rabin miliyan, kuma ta daɗe tana kukan cewa manyan ƙasashen Turai sun bar mata kayan da ya fi ƙarfinta. Kukan yana da hujja. Amma a watan Yuni na 2018, da jirgin ceto Aquarius ya kwaso mutum fiye da 600 daga ruwa, Italiya ta hana shi tasha, Malta ma ta hana, sai da ya yi kwanaki yana tafiya har Balensiya ta ƙasar Sifen. A 2020 majami'un Malta ne suka shirya makon addu'ar haɗin kan Kirista na duniya, suka kuma ɗauko takensa daga ayar nan ta wuta, suna nuni da bakin haure. Marigayi Paparoma Faransis ma da ya ziyarci tsibirin a watan Afrilu na 2022 da ita aka yi taken ziyarar, ya kuma rufe ta da zama da 'yan gudun hijira a wani sansani.

Kafin wannan, a daren 18 ga Afrilu 2015, wani jirgin kamun kifi maƙare da mutane ya kife a arewa da Libiya. An ƙiyasta wajen mutum 800 ko fiye suka halaka, 28 kaɗai suka tsira. Gawa 24 da aka tsamo a lokacin Malta aka kai su. Ran 23 ga watan sojojin ƙasar suka ɗauki akwatunan a kafaɗa, wani bishop da limamin Musulmin tsibirin suka yi addu'a ɗaya bayan ɗaya, tun da ba wanda ya san addinin mamatan, aka binne su a babbar maƙabartar ƙasar da lambobi a maimakon sunaye.